Yadda ake binciken tarihi da rubuta furojet in kana karatu a Legas

Duk shekara da an shiga zangon ƙarshe sai ka ga ƙannenmu masu karanta tarihi a jami'ar UNILAG ko LASU sun fara zarya a kan furojet, wato binciken kammala digiri, wani ya kira ka da daddare ya ce yaya don Allah taimaka min da tofik, wani kuma ya riga ya karɓo tofik ɗin amma ya rasa ta inda zai kama shi. Ni ma ta nan na bi. A Agege na tashi, kuma a kan fataucin goro na yi nawa furojet ɗin, saboda haka abin da zan faɗa a nan abin da na taka da ƙafata ne. Kuma tun yanzu bari in faɗi abin da ya fi damuna: ɗan Bahaushe da ke karatu a Legas yana zaune a kan dukiya bai sani ba, yana jin Hausa, da yawa suna jin Yarbanci, dattawan da suka ga abin da idonsu suna nan a bakin masallacin unguwarsu, amma sai ya tafi intanet ya kwaso abin da kowa ya riga ya kwasa.

Abu na farko, rage tofik. In ka rubuta "Tarihin Hausawa a Legas" ka kai wa sufabaiza, wato malamin da ke duba aikinka, in mai kirki ne zai dawo maka da shi, don wannan aikin mutum goma ne na shekara goma. Tofik mai kyau yana da wuri ɗaya, da zamani mai farko da ƙarshe, da kuma tambaya. Misali ka ce: me ya sa 'yan goro suka tare a Agege, kuma yaya sana'ar ta canza daga 1912 zuwa 1960? Ka ga yanzu akwai abin da za ka je nema. Kuma shekarun nan biyu sai ka iya kare su, 1912 don a lokacin jirgin ƙasa ya fara haɗa Legas da Kano sosai, 1960 kuma samun 'yancin kai. Ranar difens, wato ranar kare aikinka a gaban malamai, tambayar farko da ake yawan jefowa ita ce me ya sa ka fara daga wannan shekarar, in ka ce haka kawai na ga dama to ka fara da ƙafar hagu. Tofik kam ga su nan birjik, kasuwar Mile 12 da yadda kayan gwari ke saukowa daga Arewa, mahautan Oko-Oba, kasuwar dabbobi ta Alaba Rago, sarautar Sarkin Hausawa a unguwa guda ɗaya, makarantun allo a Idi-Araba, matan da ke sayar da abinci a zango waɗanda kusan ba wanda ya rubuta komai a kansu. Gwajin da nake ba kowa shi ne, cikin sati ɗaya ka iya lissafa mutum uku da za ka yi hira da su da takardu uku da za ka karanta? In ba ka iya ba, canza tofik tun da sauran lokaci.

Sai karatu. Kafin ka je gaban kowane dattijo ka san ƙashin bayan labarin, kar ka je kana tambayar abin da ke cikin kowane littafi. Ka san cewa Turawan Ingila sun yi wa Legas ruwan wuta a 1851 lokacin rigimar sarauta tsakanin Kosoko da Akitoye, a 1861 Oba Dosunmu ya sa hannu garin ya koma hannunsu, a 1863 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara Hausawa, galibinsu waɗanda suka kuɓuta daga bauta, ya kafa rundunar da sojan Najeriya ke cewa daga ita ya samo asali. Layin dogo ya isa Ibadan a 1901. An haɗe Kudu da Arewa a 1914, an ƙirƙiri jihar Legas a 1967, gwamnatin tarayya ta tashi zuwa Abuja a Disambar 1991. Ka zana waɗannan a doguwar takarda ka manna a bangon ɗakinka, duk abin da ka samo daga baya ka nemi gurbinsa a jiki. In harkar Hausawa a Kurmi kake bi, nemi littafin Mahdi Adamu na 1978 kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, da na Paul Lovejoy na 1980 kan fataken goro, da na Abner Cohen na 1969 kan unguwar Sabo ta Hausawa a Ibadan, wanda duk da ba Legas ba ne zai nuna maka yadda maigida da dillali ke riƙe kasuwa. Dabarar da ta fi yi min amfani ita ce fara karanta littafi daga baya, wato jerin manazarta da bayanan ƙasan shafi, nan za ka ga lambar fayil ɗin da marubucin ya buɗe da jaridar da ya karanta, ya share maka hanya ke nan. Shafukan neman maƙalun ilimi irin su Google Scholar da AJOL da JSTOR duk suna taimakawa, JSTOR ma in ka buɗe akawun kyauta yana barin ka karanta wasu maƙalu a wata. Ka duba tsofaffin furojet na sashenku don ka ga abin da aka riga aka yi, amma gani kawai.

Yanzu takardun asali, waɗanda aka rubuta a zamanin da abin ke faruwa. A nan ne furojet ɗin tarihi ke bambanta da dogon insha'i. Babban gidan adana takardun gwamnati da ya shafi Legas yana Ibadan, cikin harabar jami'ar Ibadan, masanin tarihi Kenneth Dike ne ya assasa shi a 1954, akwai kuma rassa a Kaduna da Enugu. Fayilolin da aka yi wa lamba COMCOL na ofishin Kwamishinan Legas ne na zamanin Turawa, CSO kuma na ofishin babban sakataren gwamnati. Ka karɓi takardar gabatarwa daga sashenku kafin ka tafi, ka riƙe katin makaranta, ka hau jirgin ƙasa daga Ebute Metta zuwa tashar Moniya ta Ibadan ko ka bi mota, kuma ka yi shirin kwana biyu ko uku don rana ɗaya ba ta isa, rabin ranar farko a duba kundin jerin fayiloli take ƙarewa. Ka tambayi ma'aikatan ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka zaro waya. Da ka buɗe fayil, abin da za ka fara rubutawa lambarsa ce da sunansa da shekararsa, kafin ka karanta layi ko ɗaya. In da hali hoton farko ya zama na bangon fayil ɗin, sannan shafukan ciki su biyo, ta haka in ka dawo gida ba za ka tsinci hotuna ɗari uku ka rasa wanne na wane ba ne. A nan cikin gari kuma akwai hukumar adana takardu ta jihar Legas a Magodo, da laburaren ƙasa na Yaba, da gidan tarihi na Onikan, da laburaren jami'arku.

Wani abu da ba a faɗa a aji: rubutun sunaye ya canza. Turawan ƙarni na 19 sau da yawa "Houssa" suke rubutawa, in ka nemi "Hausa" kaɗai a tsofaffin takardu za ka ce babu komai alhali ga shi nan jibge. Haka su ma dattawanmu, Ikko za ka ji suna cewa in suna nufin Legas, Badun in suna nufin Ibadan, Gwanja in suna maganar ƙasar da ake fataucin goro a da can wajen Gana. Tsofaffin jaridu ma ka bi su, Lagos Weekly Record ta fara a 1891, Daily Times a 1926, West African Pilot ta Azikiwe a 1937, Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, ita wannan ta ƙarshen kai kake da riba a kanta don 'yan ajinku da yawa ba za su iya karanta ta ba. Shafin Archivi.ng ma yana ɗora tsofaffin jaridun Najeriya a intanet. Sai dai ka tuna duk takarda da wanda ya rubuta ta da dalilin da ya sa ya rubuta. Baturen da ke rubuta rahoto kan zango, haraji da tsafta da kwanciyar hankali ne a gabansa, ta bakin tafinta ya ji yawancin abin da ya ji, ba kuma lallai ya taɓa zama da mace ko ɗan dako ba. Ka karɓi abin da ya faɗa ka kuma tambayi kanka wa ya bari a waje.

To sai mu zo kan hira da dattawa, inda nake so ka fi ba da ƙarfi. Kar ka faɗo wa mutum haka kawai da takarda da biro, za a ɗauka ma'aikacin gwamnati ne kai ko ɗan jarida, a Legas kuwa inda aka sha rushe kasuwanni aka sha rigingimu, irin na Idi-Araba a 2002 da na Mile 12 a 2016, mutane na da dalilin yin taka-tsantsan da baƙon da ke yawan tambaya. Ka bi ta ƙofa. Ka fara da fadar Sarkin Hausawan unguwar, ko limamin masallaci, ko shugaban 'yan kasuwar, ka durƙusa ka gaida su ka ce ranka ya daɗe ni ɗan wane ne, ɗalibi ne ni, tarihin unguwarmu nake son rubutawa, su za su ce a kai ka wurin wane. Ka riƙe ɗan goro ko turare, ba sayen labari ba ne, ladabi ne. Ka kuma lura da lokaci, ɗan kasuwa ba ya da lokacinka da safe ana sauke kaya, bayan la'asar ko bayan sallar Juma'a ya fi. In 'yar'uwa ce ke binciken to kina da ƙofar da mu ba mu da ita, za ki shiga har cikin gida ki zauna da su Hajiya da su Inna, kuma rabin tarihin zango a can yake. Namiji kuma ya nemi ƙanwarsa ko wata 'yar aji ta taya shi wannan ɓangaren.

Ba na mantawa da wani tsoho da na zauna da shi a rumfarsa, yana zaune a kan buhu yana tsince goro yana ware fari daban ja daban, yana yayyafa ruwa a ganyen da ake lulluɓe huhu da shi. Na ce Baba a wace shekara kuka zo Ikko? Ya ce yaro ni ban riƙe shekara ba. Na yi shiru ina ganin hirar ta mutu, sai Allah ya sa na ce to Baba da kuka zo wane irin kuɗi ake kashewa? Nan take ya ajiye goron ya ce fam da sule mana, ai ina nan aka kawo naira, ina gidan maigidana a lokacin ban ma yi aure ba. Shi ke nan na samu igiya, don naira ta fito a Janairun 1973, ke nan kafin nan ya zo. Daga ranar na koyi cewa ba a tambayar dattijo shekara, abin da ya faru ake tambayarsa. Ka haddace waɗannan su zama ma'auninka: zuwan Sarauniyar Ingila 1956, kisan Sardauna Janairun 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, komawa tuƙin hannun dama 1972, kisan Murtala a nan Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976, bikin FESTAC 1977, fashewar bama-bamai a barikin Ikeja a Janairun 2002. Sai ka ce Baba lokacin da aka kashe Murtala kuna wannan rumfar ko kuna tsohuwar kasuwa? Amsar za ta zo da labari uku a bayanta.

Tambayoyinka su zama masu buɗe baki. Kar ka ce ai Hausawa ne suka kafa kasuwar nan ko, don zai ce maka e ne kawai ya faranta maka. Ka ce yaya kasuwar nan take da kuka zo, su wa kuka tarar, a gidan wa kuka sauka, wa ke ba da bashi, in an yi rigima wa ke sasantawa, ƙwaryar goro nawa take a lokacin. In ya kauce ya shiga wani labari kar ka katse shi, sau da yawa abin da ya fi daraja a kaucewar yake fitowa. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka tambaye shi ko ya yarda a sa sunansa, in ya ce a'a ka mutunta. A farkon kowane rikodin ka faɗi kwanan wata da wurin da kuke da sunan mai maganar da sana'arsa da kimanin shekarunsa, don duk waɗannan za su shiga bayanin ƙasan shafi. Kuma a daren nan ka tura rikodin ɗin zuwa imel ɗinka ko Google Drive. Ni an zare min waya a cikin danfo da hira huɗu a ciki, na koma neman mutanen, uku suka sake ba ni lokaci, na huɗun ya riga ya koma gida Arewa da rashin lafiya ban sake ganinsa ba, har yau abin na ci min rai. Kafin ka tashi ka tambaya ko akwai tsohon hoto, ko rasit, ko takardar fili, ko wasiƙar ajami a cikin adaka, ka kuma ce Baba wa kuma kuke ganin ya kamata in gani?

Kar kuma ka tsaya kan Hausawa kaɗai. In Agege kake rubutawa ka zauna da dattawan Yarbawa, musamman Aworawa masu ƙasar, da matan da suka yi shekaru suna sayar wa Hausawa goro. Za ka ji inda labari ya zo ɗaya da inda ya raba hanya. Maganar wa ya fara zuwa da wa ya fara sarauta kuwa, kowane gida da nasa zancen, kuma wani lokaci akwai rigimar da ke raye a ƙarƙashi wadda kai ba ka sani ba. Aikinka ba raba gardama da son rai ba ne. Ka rubuta cewa gidan wane sun ce kaza, wancan ɓangaren sun ce kaza, fayil ɗin shekara kaza ya nuna kaza, sannan ka faɗi wanda ka ga ya fi ƙarfi da dalilinka. Duk maganar da ka ji daga baki ɗaya tak, ka nuna a rubutun cewa daga baki ɗaya ta fito.

In kayan sun taru, kwafe hirarrakin da Hausa yadda aka faɗe su tukuna, sannan ka fassara abin da za ka yi amfani da shi. Aiki ne mai cin rai, hirar awa ɗaya tana iya cinye maka yini, shi ya sa ba a tara su. Kalmomi irin su maigida, dillali, zango, huhu, ka bar su da Hausarsu ka yi bayaninsu sau ɗaya a farkon fitowarsu, don in ka mayar da maigida mai gidan haya kawai ka kashe ma'anar, shi ne mai masauki, shi ne mai ajiyar kaya, shi ne mai tsaya wa baƙo a kan bashi. Sai ka rarraba bayanan bisa jigo, na zuwa da zama wuri ɗaya, na kasuwanci wuri ɗaya, na sarauta da zamantakewa wuri ɗaya, kowane guntun bayani da inda ka samo shi a manne a jikinsa. Waɗannan tarin su ne za su zama babi-babi.

Wajen rubutu ni shawarata kar ka fara da babi na ɗaya. Na san sashe zai nemi ka kawo shi da wuri, ka ba su na wucin gadi, amma ainihin gabatarwa a ƙarshe ake gyara ta bayan ka san abin da ka gano. Fara da babin da ka fi yawan kaya a kansa. Kafin nan ka rubuta amsar tambayarka a jimla ɗaya ka ajiye a gabanka, misali cewa jirgin ƙasa da gonakin goro na kewaye da tsarin maigida su suka haɗu suka zaunar da 'yan goro a Agege, duk sakin layin da bai taimaki wannan jimlar ba ko bai ƙalubalance ta ba, cire shi komai daɗinsa. Kowane sakin layi ka faɗi magana, ka kawo hujja, ka bayyana yadda hujjar ta tabbatar da maganar. Abin da ke kashe furojet da yawa shi ne jero labari, aka yi kaza sannan aka yi kaza, ba a taɓa cewa me ya sa ba. Shafi ɗaya a rana ya ishe ka in ka dage, kuma ka sa bayanin ƙasan shafi a lokacin da kake rubuta jimlar, kar ka ce sai na gama, ba za ka tuna ba wallahi. Ka tambayi irin salon rubuta manazarta da sashenku ke bi, masu tarihi galibi salon Chicago suke bi, manhajar Zotero kuma kyauta ce tana jera maka su.

Maganar kwafe aikin wani ko biyan kuɗi a shagon kwamfuta a haɗa maka, ka rufa wa kanka asiri. Ana sa aiki a Turnitin, manhajar gano kwafe, yanzu, kuma ko ba a sa ba malamin da ya shekara ashirin yana duba furojet daga shafi na biyu yake ganewa. Manhajojin nan masu amsa tambaya su ma suna ƙirƙiro sunan littafi da lambar shafi da babu su a duniya, duk abin da ba ka gani da idonka ba kar ya shiga manazartarka.

Sufabaiza kuma ka riƙa kai masa babi ɗaya-ɗaya, kar ka ɓace wata huɗu ka dawo da tuli ana saura sati. In ya yi jan biro ka gyara, ka haɗa da tsohon kwafin in za ka mayar don ya ga ka bi gyaran. Kafin a buga na ƙarshe ka karanta shi da ƙarfi kai kaɗai a ɗaki, ka bi kowace shekara da kowane suna ka gwada da takardar da ke bangonka, ka ba wani ɗan aji ya duba maka Turancin. Wajen ɗaure shi ka sa a yi kwafi ɗaya ko biyu fiye da abin da sashe ya nema, ka kai ɗaya fadar da ta buɗe maka ƙofa, ka kuma koma rumfar Baba ka zauna ka karanta masa wurin da maganarsa ta fito, da Hausa, ka ji ko ka ɗauko ta daidai.